Hasumiyar Jamestown da abin da ake hangowa daga samanta

RABI: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau Yaya Musa ya dawo mana da tsaraba daga Jamestown, tsohuwar unguwar 'yan ƙabilar Ga a bakin tekun Akra, babban birnin Ghana. Yaya, an ce har saman hasumiyar fitilar nan ka hau.

MUSA: Na hau, Rabi. Matakalar ciki murɗaɗɗiya ce, ga ƙunci, mutum biyu ba sa gittawa cikin sauƙi. Tsawonta mita 28 ne, an yi mata fenti ja da fari. Da na fito sama iska ta buge ni, sai ga kwalekwalen masunta jere a ƙasa, kowanne da tutarsa, hayaƙin bandar kifi na tashi daga inda mata ke aiki.

RABI: Malam Idi, tun yaushe take nan?

MALAM IDI: Ta farko Turawan Ingila suka gina a 1871, shekara shida kafin su ɗauko hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877. Wadda Musa ya hau kuwa ta shekarun 1930 ce. Ana hango haskenta daga nisan kusan kilomita 30 a cikin teku.

RABI: Wato tana kiran jirage su shigo.

MALAM IDI: A'a, 'yata, ai nan ne labarin yake. Akra ba ta da tasha mai zurfi. Babban jirgi sai ya tsaya can nesa ya saki anga, mutanen gari su tura kwalekwale cikin igiyar ruwa, su kai buhunan koko, su ɗauko kaya da fasinja. Da ƙarfin damtse aka riƙa yin cinikin garin nan, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Ni abin da ke ci mini rai, kowa na ɗaukar hoton hasumiya, ba mai tuna waɗannan mutane.

MUSA: Wallahi haka ne, Malam. Kuma kana waiwayawa sai idonka ya faɗa kan James Fort, ga shi nan dab. Na daɗe ina kallonsa, bakina ya mutu.

RABI: Gidan da aka tsare bayi?

MALAM IDI: Shi. Kamfanin Royal African na Turawan Ingila ya gina shi a 1673, daga baya ya zama kurkuku. A nan aka kulle Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen 1951, dole Turawa suka buɗe masa ƙofa.

MUSA: Da na sauko na bi ta kasuwar Salaga.

MALAM IDI: To, mu ma sunan nan ya shafe mu. Garin Salaga na arewacin Ghana shi ne inda fataken Hausa suke zuwa sayen goro a zamanin da, kuma a kasuwarsa a lokacin ana sayar da mutane. Kada mu faɗi rabi mu bar rabi.

RABI: Ni a unguwar Nima ta Akra na girma, amma ko sau ɗaya ba a taɓa kai mu Jamestown daga makaranta ba.

MUSA: Asabar mai zuwa ki shirya yaran gida, ni zan kai ku. Mu yi sammako, lokacin da masunta ke dawowa da kifi.