An Gyara Ƙafar Mota, Sitiyari Ya Karkace: Ina Matsalar Take?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ka kai mota gareji saboda ƙarar da take yi duk sanda ta faɗa rami. An sauya shokabzoba, an sauya tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya), wataƙila har da loya-am (ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota). Ƙarar ta tafi kam. Amma kana hawa kwalta sai ka ga sitiyari ya karkace, ko motar tana fizgarka gefe kamar akuyar da ta hango dusa. Ka koma wurin bakanike, ya ce, "Alhaji, ai sai ka je alaimen." Ka je, mai alaimen, wato mai saita tsayuwar tayoyi, ya ce aikin bakanike ne bai yi ba. Kai kana tsakiya, aljihunka ne ke shan wahala.

Ga Corolla ƙirar 2007 a gabanmu, da ita za mu yi misali. Mutane kan haɗa cuta uku su kira su da suna ɗaya, alhali kowacce da maganinta.

Ta farko, mota tana tafiya sak, in ka sassauta riƙo ba ta kaucewa, amma tambarin da ke tsakiyar sitiyari ya kwanta gefe. Wannan kusan kullum aikin tayarod ne. Kalli nan, kan tayarod ɗin a jikin zare yake, murɗa shi ake yi ya shiga. Bakanike yakan ƙirga sau nawa ya murɗa wajen cire tsohon, ya mayar da sabon da wannan lissafi. Dabara ce mai kyau, amma iyakarta ta kai ka wurin alaimen. Sabon da ka sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba lalle tsawonsa ya zo daidai da tsohon ba, ko da kuwa lambarsu ɗaya. Sai taya ɗaya ta ɗan kalli ciki ko waje. In gaban tayoyin ya matso juna, shi ne masu sana'ar ke kira to-in. In ya buɗe, to-awut.

Kada ka raina wannan ɗan karkacewar. Taya da ta kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ɗaya kamar an ja ta gefe ne kusan mita 9. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, ka goga ta a kwalta wajen kilomita 2 ke nan. Shi ya sa za ka ga sabuwar taya ta cinye cikin 'yan watanni, ka zauna kana tsine wa mai sayar da taya, bawan Allah ba ruwansa.

Ga yadda za ka gane da hannunka. Sa tafin hannu a kan tayar gaba, shafo daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. Ka ji? Ta ɗaya ɓangaren sumul, ta ɗayan kuma yana kartar hannu kamar haƙorin zarto. In ka ji haka, to-in ko to-awut ne ya lalace.

Cuta ta biyu ita ce ta fi rikitarwa: motar da kanta take jan gefe. A nan ina roƙonka, kada ka yi saurin biyan kowa. Fara da iska. Duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, adadin da kamfani ya rubuta shi za a sa, ba wanda mai faci ya ga dama ba. Taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta laushi, mota za ta bi mai laushin. Sannan ka tuna a hannun dama muke tuƙi tun 1972, titi kuma ana yi masa ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka. Saboda haka mota ta ɗan sulale dama a hankali ba laifi ba ne. Nemi fili shimfiɗaɗɗe inda ba ababen hawa ka gwada a can.

Har yanzu tana ja? Musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. In jan ya juya ko ya ɓace, laifin taya ne, ba na ƙafa ba, kuma ba injin alaimen da zai gyara shi. Bayan ka ɗan yi tafiya, kusantar da hannunka ga wilin gaba ɗaya bayan ɗaya, ban ce ka taɓa ba. In ɗaya ya fi zafi sosai, birki ne ke riƙewa a wannan gefen.

In duk waɗannan lafiya lau, sai mu zo kan kamba. Kamba shi ne yadda taya take jingina in ka tsaya gaban mota ka kalle ta, samanta ya kwanto ciki ko ya fita waje. Kalli waɗannan notuna biyu da suka haɗa shokabzoba da ƙarfen da ke riƙe taya. Duk wanda ya sauya shok sai ya kwance su, kuma akwai ɗan wasa a ramukansu. Ya ɗaure wannan gefen a wani matsayi, wancan a wani, shi ke nan kamba ya bambanta. Mota tana bin gefen da saman tayarsa ya fi fita waje. Alamarsa a taya kuma, gefe ɗaya ne ke cinyewa sumul, sauran yana nan da kyansa.

Kasta kuwa shi ke dawo da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana. A wannan Corolla ba wurin saita shi. In inji ya nuna dama da hagu sun yi nisa da juna, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, ko loya-am ɗin da aka sa ba nata ba ne.

Ta uku ba za mu daɗe a kanta ba. Sitiyari yana rawa in ka kai gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa, wannan balansin ne, wato nauyin taya bai daidaita ba, ko wili ya lotse. Ba alaimen ba ne.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ba ni haushi, don kullum ana yin sa. An sa sabon loya-am, mota tana sama a kan jak, ƙafarta tana lilo, yaron gareji ya zo ya ɗaure notin bushin, wato robar da ke mahaɗar loya-am, iya ƙarfinsa. Ana sauke motar sai robar ta murɗe, a haka za ta zauna. Ba za ta daɗe ba ta tsage, saitin da ka biya kuɗi ya gudu. Ɗaurin ƙarshe na wannan noti sai nauyin mota ya sauka a kan tayoyinta. Ka tsaya a wurin ka ce, "Oga, a sauke ta tukuna."

Kafin a sauke ɗin ma, kama tayar da hannu biyu, ta gefe da gefe, ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, akwai wasa a tayarod. Kama ta sama da ƙasa, in ta motsa, a duba boris ɗin da wili ke juyawa a kansa da boljoyin, wato mahaɗar loya-am da ƙarfen da ke riƙe taya. Ba a saita ƙafar da ke wasa, kana fita daga wurin ramin farko zai rushe aikin. In kuma shok na Beljiyam ka sa, ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a kowane gefe. Sau da yawa ana haɗo maka biyu daga motoci daban-daban, ɗaya sifirin ɗinsa ya gaji, mota ta zauna a karkace.

In ka isa wurin alaimen, ce a auna ƙafa huɗu, a nuna maka lambobin kafin aiki da bayansa. Wanda zai cire sitiyari ya mayar da shi a miƙe don ya ɓoye karkacewar, hana shi, a tayarod ake gyarawa, dama da hagu. A ƙafar baya ta wannan Corolla ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, ba abin murɗawa a jikinsa. In lambobin baya suka fita daga ƙa'ida, ƙarfen ne ya lanƙwashe ko bushin ɗinsa ya mutu, sai a koma gareji.

Bayan mako biyu da yin saitin, ka sake shafa tayoyin gaba da tafin hannu. In kaifin nan yana ƙaruwa, koma wa mai alaimen da takardar lambobin da ya auna.