Rariyar Ƙwaƙwalwa: Tace Sauti da Zabura a Wurin Matasan da Ke Cikin Haɗarin Taɓin Hankali

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, ɗalibai da sauran 'yan uwa, na gode da kuka keto sanyin Jos kuka halarci wannan zama.

Ina roƙon kowa ya ɗan yi shiru ya kasa kunne. Ga ƙugin janareta a bayan zauren nan, ga hon ɗin keke napep daga titi, ga kujerar wani tana ƙara. Duk waɗannan suna nan tun shigowarmu, kunnuwanku kuma suna ta ɗaukarsu, amma babu wanda ya lura da su sai da na ambata. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana da wata rariya da take tankaɗe abin da ke shigowa ta kunne da ido da fata, ta bar garin ya wuce, ta riƙe tsakin. Da ita ce mai kayan gwari a kasuwar Farin Gada yake iya ciniki da mutum ɗaya alhali ɗaruruwa suna ta hayaniya a kansa.

A shekarar 1961 wasu masana biyu a Skotland, McGhie da Chapman, sun zauna da marasa lafiyan da ke farkon ciwon sikizofireniya, wato nau'in taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi da ƙudurta abin da ba shi da tushe, suka rubuta abin da suke faɗa da bakinsu. Kukan da ya yi ta maimaituwa shi ne cewa komai yana shigo musu a lokaci guda, sautuka sun ƙara ƙarfi, ba sa iya ware maganar wanda ke gabansu daga sauran ƙararraki. Ni ma na ji irin wannan a ɗakin duba marasa lafiya. Wata uwa ta kawo ɗanta ɗan shekara goma sha tara saboda ya daina zuwa shagon ɗinkin da yake koyon aiki. Da na tambaye shi dalili, ya daɗe yana murza hularsa a hannu kafin ya ce da ni ƙarar kekunan ɗinki da rediyo da hirar abokai duk suna shiga kansa da ƙarfi ɗaya, har ya rasa wanne zai saurara. Ba ya jin muryoyi, bai kuma ce ana binsa ba. Rariyar ce ta fara yagewa.

Yaya ake auna abin da ba a gani? Hanya ta farko ta dogara ne kan zabura. Idan aka buga ƙara mai ƙarfi ba zato, jiki yakan zabura kafin tunani ya iso, domin hanyar saƙon gajera ce, daga kunne zuwa gindin ƙwaƙwalwa, daga nan zuwa tsoka. A ɗakin gwaji ana sa wa mutum abin saurare a kunne, a manna ƙananan wayoyi a ƙarƙashin idonsa, a buga ƙara mai kimanin desibel 115 a ma'aunin ƙarfin sauti, sannan a auna ƙarfin ƙiftawar idon. Abin mamaki shi ne, idan aka gabatar da wani ɗan siririn sauti kafin babbar ƙarar, da tazarar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, zaburar takan ragu ƙwarai, sau da yawa da rabi ko fiye. Mutum bai yi niyyar hakan ba, bai ma san ya faru ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ɗan rufe ƙofa domin ta gama da baƙon farko kafin na biyu ya shigo. Frances Graham ta yi bayanin wannan a jikin ɗan Adam a 1975, sannan a 1978 David Braff da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wannan birki da ke rage zabura yana da rauni a wurin masu sikizofireniya. Ana samun irinsa a jikin ɓeraye: maganin da ke tayar da aikin dofamin, wani sinadari mai isar da saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, yana lalata birkin, maganin taɓin hankali kuma yana mayar da shi.

Hanya ta biyu tana amfani da na'urar ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa. Ana buga sauti biyu iri ɗaya, rabin daƙiƙa tsakaninsu, a duba amsar da ƙwaƙwalwa ke bayarwa milisakan 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, bayan kowanne, abin da ake kira P50. Mai lafiya yakan amsa na farko sosai, ya yi watsi da na biyu tunda ba sabon labari ba ne. Adler da Freedman a jihar Kolorado sun nuna a 1982 cewa masu wannan ciwo suna amsa na biyun kusan kamar na farko. Daga baya aka ga irin wannan rauni a wurin wasu daga cikin iyaye da 'yan uwansu na jini waɗanda lafiyarsu ƙalau, aka kuma gano cewa nikotin yana gyara shi na ɗan gajeren lokaci. Wasu masana suna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa marasa lafiyarmu ke zuƙar sigari fiye da kima. Ban faɗi haka don a ɗauki sigari magani ba, domin gyaran ba ya daɗewa, ɓarnar huhu da zuciya kuwa tana nan.

Yanzu ga inda maganar ta fi damuna. Tun tsakiyar shekarun 1990 Alison Yung da Patrick McGorry a birnin Melbon na Ostireliya suka tsara yadda za a gane matashin da ke cikin haɗari kafin ciwon ya bayyana. Ko dai yana da alamomi masu sauƙi, kamar yawan zargi ko jin an kira sunansa alhali shi kansa yana shakkar abin, ko alamomin sun taɓa zuwa da ƙarfi suka tafi da kansu cikin ƙasa da mako guda, ko kuma akwai ciwon a dangi na kusa sannan karatunsa ko sana'arsa ta fara ja da baya. Wani babban nazari da Paolo Fusar-Poli ya jagoranta a 2012 ya tattara binciken ƙasashe da dama ya samu cewa kimanin kashi 22 cikin ɗari na irin waɗannan matasa ne ciwon ke kamawa cikin shekara guda, kashi 36 kuma cikin shekara uku, alkaluman baya-bayan nan ma sun yi ƙasa da haka. Ku riƙe wannan da kyau: mafi yawansu ba sa kamuwa.

Saboda haka aka sa rai cewa ƙiftawar ido za ta ware wanda zai kamu daga wanda ba zai kamu ba. Bincike a Jamus da Holan ya samu raunin birkin a wurin matasan da ke cikin haɗari, wanda ke nuna cewa matsalar tana riga ciwon zuwa, ba magani ne ya jawo ta ba. Sai dai wasu nazarce-nazarce a Amurka ba su ga wannan bambanci a fili ba, kuma babu gwajin da ya iya nuna yaro ɗaya ya ce wannan ne. Ma'aunin yana motsi da abubuwa da yawa: maza sun fi mata ƙarfin birkin, na mata yana sauyawa da kwanakin al'ada, rashin barci na dare ɗaya yana raunana shi, sigari da wiwi suna taɓa shi, ana kuma samun rauninsa a wasu cututtukan dabam, irin su ciwon Huntington, wani ciwon ƙwaƙwalwa na gado, da ciwon waswasi mai tilasta maimaita aiki. A ganina wannan gwaji taga ce mai daraja ta fahimtar yadda ciwon ke farawa, amma bai kai a yanke wa ɗan kowa hukunci da shi ba.

Akwai wani abu da ya wajaba in faɗa a garin nan musamman. Mun ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, mun ga tashin bam a kasuwar Taminus a watan Mayun 2014. Akwai mutane da yawa a Jos da idan taya ta fashe ko aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabansu ya faɗi, jikinsu ya ɗauki rawa. Wannan razana ce ta wanda ya ga tashin hankali, tana da nata magani, kuma ba ita ce alamar da nake magana a kai ba. A can zaburar ce ta yi yawa saboda jiki yana zaman ɗar-ɗar. A nan kuwa girman zaburar yana iya zama daidai da na kowa, abin da ya raunana shi ne ikon ƙwaƙwalwa na rage ta, kuma ido ba ya ganin wannan sai na'ura. Kada wani ya koma gida ya fara yi wa mai saurin firgita kallon mai taɓin hankali.

Abin da iyaye za su iya kamawa ba ya buƙatar na'ura. Idan saurayi ko budurwa, tsakanin shekara goma sha biyar zuwa talatin, ya fara kukan cewa hayaniya ta yi masa yawa, ya ƙaurace wa majalisa da makaranta, barcinsa ya rikice, ya riƙa rasa zaren magana, kuma abin ya ɗauki makonni yana ƙaruwa, to a zauna a saurare shi kafin a kira shi malalaci ko a ce sammu ne. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A wannan mataki ba a cika farawa da magungunan taɓin hankali ba. Ana farawa ne da tattaunawa da ƙwararre, da gyara barci, da maganin damuwa idan akwai ta, da rabuwa da wiwi, wadda aka tabbatar tana ƙara haɗarin, sannan a riƙa ganin likita a kai a kai domin idan ciwon ya zo a tare shi da wuri, tunda an san cewa daɗewa ba magani yana sa warkewa ta yi wuya.

Shi wancan yaro mai ɗinki, abin da muka fara yi masa shi ne roƙon maigidansa ya ba shi keke a lungun shagon, nesa da rediyo, ya riƙa zuwa da sassafe kafin a cika. Mahaifiyarsa takan kawo shi duk wata muna dubawa. Zan tsaya a nan domin a samu lokacin tambayoyi.