Arewa Ba Ta Da Komai? A Tambayi Ramukan Akwatia

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Akwai wata magana da ke yawo a majalisun Aboabo da Asawase da ke Kumasi, har ta fara shigowa wayoyin da kuke bugo mana, wai Allah bai ajiye komai a ƙasar Arewacin Ghana ba, shi ya sa mutanenta suka gangaro Kudu neman abinci. Masu faɗar haka suna kafa hujja da lu'ulu'u: ga shi a Akwatia, ga zinariya a Obuasi da Tarkwa, to me aka taɓa tonowa a Tamale? Wannan magana ta ishe ni, kuma yau zan amsa ta.

Gaskiya ne lu'ulu'un Ghana a Kudu aka same shi. Albert Kitson, shugaban hukumar binciken ƙasa da Turawa suka kafa a 1913, shi ne ya gano shi a 1919 a yankin kogin Birim, kusa da Abomosu. Kafin shekarun 1920 su yi nisa kamfanin haƙar lu'ulu'u na Turawa mai suna CAST ya kafu a Akwatia yana wanke tsakuwa. Wannan ba na jayayya a kansa. Abin da nake tambaya shi ne, lokacin da Turawa suka nufi Arewa, me suka je nema?

Ku dubi George Ekem Ferguson, Bafante ɗan Anomabo. Mutum ne da ya karanci ilimin ma'adinai da awon ƙasa a Landan. Da aka tura shi Arewa a 1892, aka sake tura shi a 1894 har ya kai Wagadugu, aikin da aka ɗora masa shi ne ya ƙulla yarjejeniya da sarakuna kafin Faransa da Jamus su riga Ingila. Tuta aka aike shi ya kafa. A kan wannan aiki mayaƙan sarkin yaƙin nan Samori Ture suka kashe shi kusa da Wa a 1897. Bayan shekara biyu, Gwamna Hodgson ya rubuta ƙarara cewa ba zai kashe ko kwabo a Arewa ba sai abin da ya zama dole don gudanar da mulki da kuma fataucin da ke ratsawa. Wato tun kafin a duba ƙasar da kyau an riga an yanke mata hukunci.

Abin da suka gano a Arewa mutane ne. Mutane, jama'a! Tun wajen 1906 aka fara ɗibar samari ta hannun sarakuna ana turo su ramukan zinariya na Tarkwa. Layin dogo ya iso Kumasi a 1903 ya tsaya cak, kuma har yau bai taka Tamale ba, duk da cewa Gwamna Guggisberg ya tsara a kai shi. Makarantar sakandare ta gwamnati kuwa sai 1951 Arewa ta gan ta. Ka hana ƙasa hanya, ka hana ta makaranta, ka kwashe majiya ƙarfinta, sannan jikokinka su zo suna cewa ba ta da albarka? Haba!

Wani zai ce ai da akwai arziki da Bature bai bari ba, tunda shi ba ya wasa da riba. Wannan hujjar ba ta kai ko bakin ƙofa ba. Bature ya bi abin da ke kusa da teku da layin dogo, inda ɗauka ba ta da tsada. Kuma ko a zamaninsa an haƙa zinariya a Nangodi cikin shekarun 1930. Yau ga katafariyar mahaƙar Namdini a ƙasar Talensi. Zinariyar nan ba jiya aka zuba ta a wurin ba.

Ko akwai lu'ulu'u mai yawa a Arewa irin na Birim, wannan ban ce ba, kuma ba na bukatarsa. Ku je zangon Akwatia ku tambayi dattawa su wa suka tona ramukan, su wa suka tsaya cikin ruwa da kwanon wanki daga safe har la'asar. Za ku ji an ambaci Frafra da Dagomba da Mosi da Zabarmawa, da Hausawa da Yarabawa masu saye da sayarwa. Da dokar korar baƙi ta Firaminista Busia ta zo a 1969, da yawa daga cikin waɗannan aka lodo a mota aka raka su iyaka, suka bar gidaje da ramukan da suka yi wa gumi. Dutsen na Kudu ne, hannun da ya fito da shi kuwa daga Arewa ya zo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wasu masu wannan zancen 'yan zango ne, waɗanda kakanninsu suka bi ta Salaga da jakunan goro. Su ne kuma yau suke maimaita hukuncin Hodgson kamar karatun allo.

Ga 'yan majalisarmu na Arewa da na mazaɓun zango, ina da buƙata ɗaya. Ku nemi hukumar binciken ƙasa ta fito da taswirar ma'adinan yankunan Arewa biyar, a bayyana ta ga jama'a cikin Dagbanci da Hausa da Frafra, kuma a faɗa mana 'yan ƙasar Talensi nawa ke riƙe da manyan muƙamai a mahaƙar da ke ƙasarsu, ban da masu gadi da masu ɗaukar kaya.