Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa mai gigahaz 2.4 ta tsere wa mai 3.0?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardarmu ta farko daga Funtuwa ta fito, wurin wani malamin sakandare. Ya ce: "Na sayi tsohuwar kwamfutar tebur mai gigahaz 3.0. Ƙanena yana da sabuwa ta cinya mai 2.4, amma tasa ta fi tawa sauri nesa ba kusa ba. Cutata aka yi, ko lambar ce ƙarya?"

Malam, ba lallai ne an cuce ka ba, kuma lambar gaskiya ce. Sai dai ba saurin kwamfuta take aunawa ba. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da bugun wani agogo na cikinta take aiki, kuma gigahaz 3 na nufin bugu biliyan uku a daƙiƙa guda. Abin da lambar ba ta faɗa shi ne yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu. Dubi mata biyu suna surfe. Ɗaya hannunta da sauri amma taɓaryarta ƴar ƙarama ce, ɗayar tana sauke tata a natse amma mai nauyi. Idan ka tsaya ƙirga saukar taɓarya kaɗai, za ka ba ta farko nasara, alhali ta biyu ce za ta riga kwashewa.

Su kansu kamfanonin da ke ƙera firosesa sun daɗe suna tallar wannan lamba. A shekarar 2004 kamfanin Intel ya kai firosesarsa Pentium 4 har gigahaz 3.8, ya shirya fitar da mai 4, sannan ya fasa. Zafi ne ya tare hanya: duk ƙarin gudu yana neman ƙarin wuta, wutar kuma zafi take komawa a kan ɗan abin da bai wuce girman farce ba. Shi ya sa daga 2005 Intel da AMD suka koma sa ƙwaƙwalwa biyu cikin firosesa ɗaya, daga baya huɗu, takwas, har sama. Lugude ke nan, mata da yawa a kan aiki guda. Amma fa ba kowane aiki ne yake rabuwa ba, wani dole hannu ɗaya ne zai yi shi daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma abin da ni ya fi burge ni a wannan fanni, wato jira. A bugu ɗaya na gigahaz 3, haske kansa tafiyar kamar santimita 10 kawai yake yi. Idan firosesa ta aika neman bayani a RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta take ajiye abin da take aiki a kai, takan zauna bugu ɗari biyu ko fiye ba ta yi komai ba, kamar mai daka da sai an je rumbu an ɗebo mata hatsi. Don haka masu ƙira suke gina ƴar ma'ajiya a jikin firosesar, kamar ƙwaryar hatsi a gindin turmi, sabbin firosesoshi kuma ma'ajiyarsu ta fi ta da girma sosai. Wurin sa wannan ma'ajiya ya samu ne saboda ƙanƙantar turanzisto, wato ƙananan makunnan lantarki da ake gina firosesa da su: Intel 4004 ta 1971 tana da guda 2,300, M1 ta kamfanin Apple ta 2020 tana da biliyan 16.

Shawarata, Malam, kafin ka sayar da kwamfutarka ka duba faifan ajiyarta. Idan mai juyawa ne irin na da, a sa maka SSD, wato ma'ajiyar zamani marar juyawa wadda ta fi sauri. Sau da yawa nan matsalar take, kuma kuɗinsa bai kai na sabuwar kwamfuta ba.

Takarda ta biyu daga Maraɗi, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta waya. Ta ce wayarta lafiya lau da safe, amma da rana a bazara sai ta yi nauyi, bidiyo ya riƙa tsayawa.

Hajiya, wayarki ba ta lalace ba, kare kanta take yi. A cikinta akwai ma'aunin zafi, idan ya kai wani mataki sai firosesar ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Waya ba ta da fanka, ta jikinta kaɗai take fitar da zafi, shi ya sa kusan duk wayoyi suke amfani da firosesa mai tsarin ARM, na wani kamfani da ke Kambirij a Ingila, saboda ba ya cin wuta da yawa. To a watan Afrilu, da zafin Maraɗi kan haura digiri 40, iskar ma ba ta da sanyin da za ta kwashe zafin. Ki cire mata rigar roba lokacin kiran bidiyo, kada ki haɗa caji da kallo, kuma kada ki bar ta a gaban mota cikin rana. Firij kuwa kada ki kusance shi da ita, don raɓa za ta taru a ciki ta lalata ta.

Sauran takardun da ke gabanmu sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.