Fitsari Kafin Jini: Yadda Ake Bincikar Matsalar Furostet

Sista Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ma ina tare da Dokta Aminu, likitan tiyatar hanyoyin fitsari, da Malam Lawal na ɗakin gwaje-gwaje. Mu ɗauki misali. Dattijo ɗan shekara 65, fitsari ya riƙe masa tun dare, aka kawo shi asibiti aka sa masa roba. A ranar aka ɗebi jini aka auna PSA, sinadarin da ake dubawa wajen binciken furostet, ya fito 18. Kafin la'asar duk gida ya ɗauka Baba na da cutar kansa. Likita, ina aka kuskure?

Dokta Aminu: Wa alaikumus salam. A ranar da aka zaɓa don ɗibar jinin. Amma bari in fara raba wasu abubuwa biyu, don sau da yawa ana cewa kansar mafitsara alhali furostet ake nufi. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa. Furostet kuwa tsoka ce a gindinta, maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar goro madaidaici, wajen giram 20, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. PSA ita ke yin sa, aikinsa tsinka maniyyi. Lafiyayyiya ma tana yi. Duk abin da ya fama tsokar nan sai ya sa PSA ya tsiyaya cikin jini: riƙewar fitsari, ƙwayar cuta, wahalar zura roba.

Sista Bilkisu: Ke nan dattijon nan yana da dalilai biyu ko uku a rana ɗaya.

Dokta Aminu: Ƙwarai. Idan akwai ƙwayar cuta, a kashe ta, a jira kamar mako 6, sannan a auna. Ko mai lafiya, muna so ya kwana 2 bai kusanci iyali ba, bai yi doguwar tafiya a keke ba. Akwai kuma akasin haka. Wanda ya yi wata 6 yana shan finasteride na rage girman furostet, maganin kan rage PSA da kusan rabi, sai an ninka sakamakon sau biyu. In takarda ta nuna 3, a karanta 6.

Sista Bilkisu: To ashe fitsari ne a gaba. Malam Lawal, mun shigo gonarka.

Malam Lawal: Sista, yawancin ɓarnar kafin samfurin ya iso hannunmu ake yin ta. Mutum zai zo da fitsari a kwalbar maganin tari da ya ɗauraye, ko robar lemo, ya naɗe ta a baƙar leda. Ga ragowar sukari, ga sabulu. Dole kwalbar da lab ta bayar, mai faɗin baki, a rufe, kada yatsa ya taɓa cikinta ko cikin murfin. A wanke hannu, a wanke gaba da ruwa zalla, ban da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, don in ya ɗiga a kwalbar zai kashe abin da muke nema. A saki na farko a masai, ba tare da an tsayar ba a tari na tsakiya, mililita 10 zuwa 20 sun isa. Na farkon shi ke wanko dattin bakin bututu.

Sista Bilkisu: Mai roba fa? A ɗakin jinya an fi saurin buɗe jakar ƙasa a tsiyayo.

Malam Lawal: A'a, na jaka ya kwana, ya zama gonar ƙwayoyi. A matse bututun na ɗan lokaci, a goge wurin ɗiba da auduga mai sinadari, a zuƙo sabo da sirinji. Sai batun lokaci. Ya iso cikin awa 2. Ƙwayar E. coli, wadda ita ce kan gaba wajen jawo cutar hanyar fitsari, in ta sami ɗumi tana iya ninka kanta duk minti 20 zuwa 30. Ka ajiye kwalba a aljihu a zafin watan Afrilu daga asuba zuwa azahar, 'yan ƙwayoyin da suka faɗa daga fata sun zama runduna. In ba hali, a sa a firji mai digiri 4, ba wurin ƙanƙara ba, zai kai awa 24. Inda wuta ba tabbas, akwai kwalba mai garin borik a ciki, amma sai an cika ta zuwa layi, in an zuba kaɗan garin ya yi ƙarfi ya kashe ƙwayoyin.

Dokta Aminu: Ka faɗa musu batun kemis.

Malam Lawal: Wannan ya fi damuna. Mutum ya ji zafin fitsari, ya ce sanyi ne, ya sha ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwana 3, bai ji sauƙi ba, sannan ya kawo fitsari. Mu shuka, kome bai tsiro ba, cutar kuma tana nan. A ba da samfuri tukun, sannan a haɗiyi ƙwaya ta farko.

Sista Bilkisu: Ka ce shuka. Bayyana wa mai sauraro.

Malam Lawal: Abin da ake kira kalca ke nan. Muna da 'yar waya mai zobe a kai, tana ɗaukar kashi 1 cikin 1,000 na mililita. Mu shafa a faranti mai abincin ƙwayoyi, mu sa a na'urar ɗumi, digiri 35 zuwa 37, awa 18 zuwa 24. Washegari mu ƙirga ɗigon da suka tsiro. Ɗigo 100 na nufin ƙwaya 100,000 a kowace mililita. Wannan ma'aunin daga binciken Edward Kass ne a Boston a shekarun 1950, kuma akasari kan mata ya yi shi. Namiji mai alamomi, ko bai kai haka ba ba ma watsarwa. In iri uku suka tsiro a cakuɗe, datti ne, a sake kawowa. In iri ɗaya ne, sai mu shimfiɗa shi a wani farantin, mu ɗora ƙananan takardu masu magunguna, mu auna da rula faɗin filin da kowanne ya share. Wata ranar ke nan. Duka kwana 2 zuwa 3. Wanda ya ba ka sakamakon kalca cikin awa 2, bai shuka kome ba.

Dokta Aminu: Kuma takardun sakamakon nan da ke yawo, kowa an rubuta masa ƙwayar Staphylococcus.

Malam Lawal: Danginta a fata suke zaune, Likita. Ka gan ta a fitsari, fara tambayar yadda aka tara shi, ka duba ko akwai fararen ƙwayoyin jini tare da ita. An sa mutane da yawa allurai na makonni a kan dattin fata.

Dokta Aminu: Haka wanda ya wuce wata da roba, kusan kowa za a sami ƙwaya a fitsarinsa. Ba zazzaɓi, ba ciwo, ba a ba shi magani. Ana ware mai juna biyu da wanda za a yi wa aiki ta hanyar fitsari.

Sista Bilkisu: Jini a fitsari fa? A wurinmu sai a ce tsargiya ce.

Malam Lawal: Ɗibarta daban ce. Ita na ƙarshe muke so, ɗigon da ake matsowa, tsakanin 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita. Mu tace mililita 10, mu duba a madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu, ƙwan yana da ƙaya a gindi. Daga ƙwai 50 zuwa sama cutar ta yi yawa. Maganin praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Yaran da ke wanka a hanyoyin ruwan noman rani, irin na Kadawa, su ne aka fi samu.

Dokta Aminu: Yara ke nan. Dattijon da ya ga jini ba tare da zafi ba, ko an ga ƙwan, sai an leƙa cikin mafitsara da na'ura. Tsargiyar da ta daɗe tana daga cikin abubuwan da ke jawo kansar mafitsara ta ainihi.

Sista Bilkisu: Mu koma ga Baba. An cire roba, fitsari ya wanke. Sai me?

Dokta Aminu: Tambayoyi 7 ne kan alamomin fitsari da ake kira IPSS, maki 0 zuwa 35. Daga 20 abin ya tsananta. Wanda ba ya karatu, masu bincike a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu sun ƙirƙiro na hotuna, ya nuna da yatsa nisan da fitsarinsa ke zuwa. Sai awon gudu: ya yi aƙalla mililita 150 a mazurari, in ba haka ba awon ba shi da amfani. Sama da mililita 15 a daƙiƙa lafiya, ƙasa da 10 akwai toshewa. A yi sikanin a ga abin da ya rage a mafitsara, a auna aikin ƙoda. Sannan gwajin yatsa ta dubura, wanda maza ke gudu. Minti ɗaya ne, kuma yana bambance tsoka mai laushi da mai tauri kamar dutse.

Sista Bilkisu: In an maimaita PSA ya sauko ƙasa da 4, iyakar da aka saba amfani da ita, shi ke nan?

Dokta Aminu: Da sauƙi, amma 4 ɗin ba katanga ba ce. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2004 ya tsakuri tsokar mazan da PSA ɗinsu bai wuce 4 ba, aka sami kansa a wajen 15 cikin 100. Tsakanin 4 da 10 kuwa, kusan uku cikin huɗu ba a samun ta. Shi ya sa aka shigo da hoton MRI kafin a tsakuri tsokar don gwaji. A binciken PRECISION na 2018, kan maza 500, waɗanda aka fara wa da hoton an gano mai haɗari a kashi 38 cikin 100, waɗanda aka tsakura ba tare da hoton ba kashi 26, kuma fiye da kwatan masu hoton ba a ma huda su ba.

Malam Lawal: Ga kuma binciken ProtecT na Birtaniya, kan maza 1,643 masu kansar furostet. Bayan shekara 15, wajen 3 cikin 100 ne cutar ta kashe, ko an yi tiyata, ko an gasa da na'ura, ko sa ido kawai.

Dokta Aminu: Nan ina so mu yi hattara, Malam. Kusan dukkansu Turawa ne, an gano tasu da wuri ta gwajin jini. Namu yakan zo ne da ciwon baya, ta riga ta shiga ƙashi. A Birtaniyar ma, lissafinsu baƙar fata 1 cikin 4 zai kamu a rayuwarsa, farar fata 1 cikin 8. Shi ya sa aikin haɗin gwiwar MADCaP, da ke nazarin ƙwayoyin gadon maza a Najeriya da Gana da Sanagal da Afirka ta Kudu, yake da muhimmanci a gare mu.

Sista Bilkisu: To akwai wanda ba za a sa shi jiran mako 6 ɗin ba?

Dokta Aminu: Akwai. Wanda yatsa ya ji tauri ko ƙulli, ko PSA ya kai ɗaruruwa, ko yana ramewa da ciwon ƙashi. Wanda ƙafafunsa suka fara rasa ƙarfi, ko ya daina jin fitar bayan gida, wannan a ranar za a kai shi asibiti, don alama ce ta danne lakar baya. In kuma an tsakuri tsokar ta dubura, galibi wuri 12, ɗan jini a fitsari ko maniyyi ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi da rawar sanyi a kwanakin farko kuwa, ko tsakar dare ne a dawo da shi, kada a tsaya a kemis.