Intanet ya ɗauke a laftof? Tsaya tukuna kafin ka nufi Computer Village

Assalamu alaikum jama'a, 'yan Agege, Idi-Araba, Mile 12 da duk inda kuke kallo. Kana shago kana son tura wa kwastoma risit sai intanet ya tsaya cak, nan take ka ce laftof ta lalace, ka saka ta a jaka ka hau danfo zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ka sha gosilo, a ƙarshe mai gyara ya danna abu biyu ya karɓi kuɗinka. Wallahi sau da yawa ba laifinta ba ne.

Intanet kafin ya iso gare ka sai ya bi ta kamfanin layi, ya shigo rauta (na'urar da ke raba wifi) ko MiFi (ƙaramarta ta aljihu), sannan laftof. Aikinka ka gano a ina ya yanke. To ɗauko wayarka, kashe datar wayar tukuna (mutane na mantawa da wannan sai su ruɗa kansu), ka haɗa ta da wifi ɗin. In ita ma ba ta buɗe komai ba, kyale laftof, matsalar tana wajen rauta ko layi.

Fara da abin kunya: data ta ƙare? Cire sim ɗin rautar ka saka a waya ka danna *323#. Ka duba kuma ko an rufe layin saboda NIN. In duk lafiya, zare rautar daga soket, ƙirga talatin, ka mayar. Nan Legas da ake yawan sauyawa tsakanin NEPA da janareta, rauta kan rikice ta kunna fitilu amma babu komai a ciki. Sai dai don Allah ɗan'uwa kar ka soka allura a ƙaramin ramin nan na baya, zai goge fasawod da duk saitin da aka yi maka. Kuma ka daina ajiye ta ƙarƙashin kanta bayan buhuna, kai ta kusa da taga. In tana da wifi iri biyu, 2.4 da 5GHz, na 5 ya fi gudu amma bangon siminti na kashe shi, daga ɗaki mai nisa 2.4 zaka kama.

To in waya na aiki laftof ce ta ƙi fa? A Windows buɗe cmd (baƙin allon da ake rubuta umarni) ka rubuta ipconfig. In ka ga lambar adireshin laftof ɗin ta fara da 169.254, rauta ba ta ba laftof ɗin adireshi ba, laftof ɗin ce ta ƙirƙiro wa kanta. Rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In lambar ta fara da 192.168 to wannan gefen lafiya lau, sai ka rubuta ping 8.8.8.8. Ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa? DNS ne, wato abin da ke juya sunan shafi zuwa lamba, canza shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Masu laftof tokunbo (ta hannu daga waje) ku duba kwanan wata ma, ƙaramin batirin ciki in ya mutu agogo ya koma baya, burauza sai ta riƙa ƙin shafuka tana cewa ba tsaro. VPN (manhajar ɓoye inda kake shiga intanet) da ka bari a kunne shi ma yana yin haka.

Akwai ranar da babu abin da zaka iya. Ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS suka samu matsala ta wajen Kwaddibuwa, har manhajojin banki suka riƙa tsayawa. In ka gwada hotspot na wani layi daban, ka tambayi maƙwabcin shago shi ma nasa na rarrafe, rufe laftof ɗin ka rubuta wa kwastoma risit da biro.