Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Maryamu ta haifa?

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko ta yau daga wani bawan Allah ce, yana cewa: "Mu Musulmi mun yarda Maryamu ta haifi Annabi Isa ba tare da namiji ya kusance ta ba. To ina muka rabu da Kirista?"

Malam, mun gode. A kan haihuwar kanta babu jayayya sosai. Suratu Maryam ta kawo labarin, Linjilar Luka ma haka. A cewar Luka, mala'ika Jibra'ilu ya je Nazarat, wurin budurwar da aka yi wa baiko da Yusufu, ita kuwa ta tambaye shi ta yaya, alhali ba ta san namiji ba. Ya ce mata aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Matiyu ya ɗauko zancen ta ɓangaren Yusufu, wanda har ya ƙudurta rabuwa da ita a ɓoye don kada ya kunyata ta, sai aka yi masa magana a mafarki.

Inda hanya ta rabu shi ne wane ne aka haifa. A Musulunci annabi ne, bawan Allah, an halicce shi da "kasance" kamar Annabi Adamu. Kirista kuwa sun ce yana nan tun fil azal a matsayin Kalmar Allah, sannan ya ɗauki jiki ya zama mutum, kamar yadda Yohanna 1:14 ta nuna. Ke nan a wurinsu cikin Maryamu ba shi ne mafarinsa ba. Kuma, Malam, in sun ce "Ɗan Allah" ba aure ko haihuwa irin ta jiki suke nufi ba. Ka tambayi kowane fasto, zai ce maka sam.

Su kansu sai da suka kai ruwa rana. A taron shugabannin ikilisiya da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325 aka ƙi koyarwar Ariyus, limamin Iskandariyya, mai cewa Almasihu halitta ne. A taron garin Kalsidon na shekarar 451 aka tsayar cewa mutum ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken ɗan adam, wanda ya ji yunwa, ya yi barci a jirgin ruwa, ya zub da hawaye da abokinsa Li'azaru ya mutu. Kiristoci Kibɗawa na Masar ba su amince da lafazin Kalsidon ba, har yau suna kan nasu tare da ikilisiyar Habasha.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce: in Annabi Ishaya ya ce za a kira yaron Immanuwel, me ya sa aka sa masa Yesu? Malama, Immanuwel na nufin "Allah yana tare da mu", Kirista na ɗaukarsa laƙabi. Yesu kuwa sunan yanka ne, daga Yeshuwa na Ibrananci, wato "Ubangiji yana ceto". Yahudawa dai na karanta ayar da ta ambaci Immanuwel, Ishaya 7:14, a kan wata matashiya ta zamanin Sarki Ahaz.

Bari mu buɗe wasiƙa ta gaba.